BATURAN CAJI: YADDA JABU KE CIN DUKIYA DA RAYUKAN JAMA'A

A yau da wuya mutum ya shiga wani gida a ƙasar nan, ko a birni ko a ƙauye, ya rasa wani abu mai aiki da batirin caji. Akwai shi a cikin wayar hannu da kwamfutar tafi-da-gidanka, akwai shi a cikin fitila da fanka da rediyo da injin aski, haka kuma akwai manya-manyansa da ake girkewa a kusurwar ɗaki domin tara wutar sola. Tun daga 2001, lokacin da aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya, batura suke ta ƙaruwa a hannun jama'a. Amma abin ya fi tsananta bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, yayin da tayar da janareta ya gagari talaka, magidanta da masu ƙananan sana'o'i suka koma neman abin da zai riƙe musu wuta idan an ɗauke.

Galibin waɗannan batura asalinsu ɗaya ne, wato su ne waɗanda masana ke kira baturan litiyam. Ba su da nauyi, suna ɗaukar wuta mai yawa, kuma ana iya yi musu caji sau ɗaruruwa. Sai dai duk inda kasuwa ta buɗe, to, macuta ba sa nisa da wurin. A manyan kasuwannin kayan lantarki, tun daga Alaba da Computer Village a Legas har zuwa Farm Centre a Kano, mai saye yakan tarar da batura biyu masu suna ɗaya da kwali iri ɗaya, amma farashin ɗaya ya ninka na ɗayan. Idan ya ɗauki mai arha ya yi sa'a, asararsa ba za ta wuce ta kuɗi ba. Idan kuwa bai yi sa'a ba, abin da ya saya domin ya haskaka ɗakinsa shi ne zai ƙone ɗakin. Saboda haka ya dace masu karatu su san yadda ake ƙera wannan batir, da abin da ya bambanta mai inganci da jabu.

ASALIN BATIRIN LITIYAM

Litiyam wani ma'adini ne wanda ya fi kowane ƙarfe rashin nauyi, kuma yana da saurin sakin ƙwayoyin lantarkin da ke jikinsa, abin da ya sa masana suka daɗe suna kwaɗayin yin batir da shi. A cikin shekarun 1970, lokacin da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a duniya, wani masani ɗan asalin Ingila mai suna Stanley Whittingham, wanda ke aiki a kamfanin mai na Exxon a Amurka, ya haɗa batirin litiyam mai caji. Batirin ya yi aiki, amma da yake zallar ƙarfen litiyam ne a ɓangare ɗaya, yana da saurin kama wuta, don haka bai shiga hannun jama'a ba.

A 1980, Farfesa John Goodenough na Jami'ar Oxford ya gano cewa idan aka haɗa litiyam da ma'adinin kobal za a sami batir mai ƙarfin kimanin bolt 4. Bayan shekara 5, wato a 1985, Akira Yoshino na kamfanin Asahi Kasei a Japan ya cire zallar ƙarfen litiyam ɗin nan, ya maye gurbinsa da wani abu dangin gawayi, sai batirin ya sami natsuwa. Kamfanin Sony ne ya fara fitar da shi kasuwa a 1991. Waɗannan masana 3 su ne aka bai wa kyautar Nobel ta fannin kimiyyar sinadarai a 2019, Goodenough kuwa yana da shekara 97 a lokacin. A halin yanzu fiye da rabin baturan litiyam na duniya a ƙasar Sin ake yin su, sauran kuma galibi kamfanonin Koriya ta Kudu da na Japan ne ke ƙera su. A ƙasar Sin ɗin nan ake samun masana'antun da babu kamarsu wajen inganci, irin su CATL da BYD, kuma a can ɗin ne ake samun ƙananan rumfunan da ke haɗa na banza.

YADDA AKE ƘERA SHI

Wanda duk ya fahimci abin da ke cikin batir zai gane dalilin da ya sa mai kyau ba ya arha. Kowace ƙwayar batir tana ƙunshe da falle guda 2 masu tsawo. Falle na farko na alminiyam ne, wanda aka shafe da kwaɓin sinadarin litiyam. Na biyu na jan ƙarfe ne, wanda aka shafe da baƙin abin nan da ake samu a cikin fensir. Tsakaninsu akwai wata 'yar leda mai ƙananan ƙofofi wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma aikinta shi ne ta hana fallayen biyu taɓa juna. Ana naɗe su gaba ɗaya kamar yadda ake naɗe tabarma, a zura cikin gwangwani ko jakar alminiyam, a zuba wani ruwan sinadari, sa'an nan a rufe. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyam sukan ratsa ta ƙofofin ledar nan su koma ɓangaren jan ƙarfe su zauna. Idan kuma ana amfani da batirin sai su dawo, kuma wannan kai-da-kawo shi ne ke ba da wuta.

Aiki ne da ba ya son ƙazanta ko kaɗan. Idan ɗan ɓarɓashin ƙarfe wanda ido ba ya gani ya faɗa cikin naɗin, yana iya zama a wurin wata da watanni, yana cin ledar sannu a hankali, har ranar da zai huda ta. Haka nan ruwan sinadarin ba ya shiri da laima, domin idan suka haɗu sukan haifar da wani ruwan guba mai cin ƙarfe. Wannan ne ya sa ake haɗa batura a cikin ɗakunan da aka busar da iskarsu fiye da ta hamada, ma'aikata kuma su rufe jikinsu ruf kamar masu aikin tiyata. Bugu da ƙari, tilas ne fallen jan ƙarfe ya ɗan zarce na alminiyam faɗi a gefe da gefe. In ba haka ba, litiyam zai riƙa taruwa a bakin fallen yana tsirowa kamar ƙaya, kuma ƙayar nan ita ma tana iya huda ledar.

Bayan an rufe ƙwaya, ba a fitar da ita nan take. Sai an yi mata cajin farko a hankali, an ajiye ta kwanaki ko makonni ana auna ta. Wadda aka ga tana zubar da wuta ita kaɗai, ko ba ta cika ma'aunin da aka yi ta dominsa ba, sai a ware ta. Manyan masana'antu har haska ƙwayoyin suke yi da na'urar ɗaukar hoton ƙashi domin su ga yadda naɗin ya zauna. A saman ƙwaya mai siffar gwangwani kuma akan sa wata 'yar ƙofa wadda za ta yanke wuta ta saki iska idan cikin ya kumbura. A ƙarshe, idan an jera ƙwayoyi an yi batir, sai a haɗa masa wani ɗan allon lantarki mai gadi, wanda zai hana caji ya wuce kima, ya hana a zuƙe wutar ƙarƙaf, ya kuma katse aiki idan zafi ya yi yawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai kuɗi ne, kuma su ne mai yin jabu yake tsallakewa domin ya sayar da arha.

ABIN DA KE SA YA KAMA WUTA

Ruwan da ke cikin batirin litiyam yana cin wuta, ba kamar na batirin mota ba. Da zarar fallayen nan biyu sun taɓa juna, duk wutar da aka tara sai ta nemi fita ta wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Wurin ya ɗau zafi, zafin ya narkar da ledar, wasu wurare su ƙara haɗuwa, sinadaran su shiga ruɓewa suna ƙara zafi, har wasunsu su riƙa sakin iskar da wuta ke ci da ita. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan zafin yakan kai ɗaruruwan digiri, ƙwayar ta fashe, ta kunna ta kusa da ita. Shi ya sa wutar batir take da wuyar kashewa, kuma ko an kashe ta tana iya sake tashi bayan sa'o'i. Hayaƙinta ma guba ne.

Ban da aibin masana'anta, akwai abubuwan da ke ingiza batir zuwa ga wannan hali, wato caji da cajar da ba ta dace ba, da faɗuwa ko matsewa ko hudawa, da kuma zafin wuri. Masu ƙera batura sukan ƙayyade cewa kada a yi caji a wurin da zafinsa ya wuce digiri 45. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri kuwa, zafin bazara yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin shagon kwano ko motar da aka rufe a rana. Batirin da zai yi shekaru lafiya lau a ƙasar sanyi yana iya gazawa da wuri a nan, idan tun asali ba shi da inganci.

MANYAN KAMFANONI MA SUN YI TUNTUƁE

Tarihin wannan sana'a ya nuna cewa ko kamfanonin da suka fi kowa ƙwarewa ba su tsira ba. A 2006 aka janye baturan kwamfuta kusan miliyan 10 da Sony ya ƙera, bayan da wasu suka kama wuta, kuma kamfanin Dell kaɗai ya janye miliyan 4.1. Dalili kuwa shi ne ɓarɓashin ƙarfe da ya shiga cikin ƙwayoyin a masana'anta. A watan Agusta na 2007 kamfanin Nokia ya yi shelar musanya batura miliyan 46 samfurin BL-5C, waɗanda kamfanin Matsushita na Japan ya yi masa, saboda wasunsu suna ɗaukar zafi wajen caji. Duk wanda ya riƙe ƙaramar Nokia a ƙasar nan ya san wannan samfuri. Tun kafin haka, a 2004, yawan jabu ya tilasta wa Nokia manna wani tambari mai walƙiya a jikin baturansa, amma ba a daɗe ba masu jabu suka shiga kwaikwayon tambarin.

A watan Janairu na 2013 hukumomin sufurin sama suka dakatar da dukkan jiragen Boeing 787 har na kusan wata 3, bayan da batura suka ƙone a cikin jirage 2 na kamfanonin Japan. Sai kuma babban abin da ya faru a 2016, lokacin da Samsung ya fitar da wayar Galaxy Note 7 a watan Agusta, ya janye guda miliyan 2.5 a Satumba, ya daina yin ta ɗungurungum a Oktoba, domin waɗanda aka musanya su ma sun ci gaba da ƙonewa. Binciken da kamfanin ya bayyana a Janairun 2017 ya nuna aibi iri 2. A batirin farko, jakar ta matse kusurwar naɗin har fallen ya lanƙwashe. A na biyu kuwa, walda ce ta bar tsini wanda ya huda leda, wasu ma ba a manna musu tef ɗin kariya ba. Asarar da kamfanin ya yi ta haura dala biliyan 5.

Abin bai tsaya nan ba. A watan Janairu na 2025 wani jirgin kamfanin Air Busan ya ƙone a filin jirgin sama na Gimhae a Koriya ta Kudu kafin ya tashi, aka kuɓutar da dukkan mutane 176 da ke ciki, kuma masu bincike suka karkata ga cewa fawa-bank ne ya tayar da wutar a ma'ajiyar kaya. A watan Yuni na shekarar kamfanin Anker ya janye fawa-bank sama da miliyan 1 a Amurka, ita kuma hukumar sufurin sama ta ƙasar Sin ta hana shiga jiragen cikin gida da duk fawa-bank ɗin da ba ya ɗauke da tambarin inganci na CCC. Abin lura a nan shi ne, waɗannan kamfanoni suna da suna da adireshi, shi ya sa aka iya bin sawun kayan aka karɓe su daga hannun jama'a. Mai yin jabu ba shi da ko ɗaya, kuma babu ranar da zai yi shelar a dawo masa da kayansa.

IRE-IREN JABU

Jabun batir iri-iri ne. Na farko shi ne tsohon da aka sake wa riga. Akan farfasa matattun baturan kwamfuta da na babura masu lantarki, a tsince ƙwayoyin da ke da sauran numfashi, a yaye tsohuwar ledar jikinsu a sa sabuwa mai ɗauke da sunan babban kamfani. Irin wannan yakan yi caji a gaban mai saye, amma ya riga ya cinye rabin rayuwarsa, kuma babu wanda ya san irin wahalar da ya sha a baya.

Na biyu shi ne wanda masana'anta ta ƙi. Ƙwayoyin da suka faɗi gwaji akan sayar da su da arha domin ƙananan ayyuka, amma sai dillalai su saye, su kankare lambar shaidar da ke jiki ko su buga wata, su shigar da su kasuwa da sunan masu daraja ta ɗaya. Na uku shi ne wanda aka yi sabo a ƙaramar masana'anta marar tsabta, ba tare da ƙofar kariya ko gwaji ba. A 2025 wani kamfanin Amurka mai suna Lumafield ya haska ƙwayoyin batir sama da 1,000 domin ganin cikinsu, ya tarar da aibin nan na rashin zarcewar fallen jan ƙarfe a cikin wasu daga masu arha da na jabu, amma bai same shi ba a cikin na manyan masana'antu.

Na huɗu kuwa damfara ce tsagwaronta. Masu gyaran waya sun sha buɗe fawa-bank su tarar da ƙwaya ɗaya ce tak ke aiki, sauran gwangwanayen an cika su da yashi domin a ji nauyi. Akwai kuma gwangwanin da idan aka yanka shi sai a ga wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya a ciki, an toshe sauran wurin da gari.

ƘARYAR DA KE JIKIN KWALI

Akwai lissafin da zai taimaki mai saye ko da ba shi da na'ura. Ƙwayar da ta fi yawa a cikin fitilu da fankoki ita ce wadda ake kira 18650, domin kaurinta milimita 18 ne, tsawonta kuma 65. Wadda manyan kamfanoni irin su Samsung da LG da Panasonic suka saba yi ba ta wuce kimanin 3,500 mAh, nauyinta kuma tsakanin giram 43 ne zuwa 50. Amma a kasuwa ana ganin masu ɗauke da rubutun 6,800 ko 9,900 mAh, kuma idan aka ɗora su a sikeli wasu ba sa kai giram 35. Babu masana'antar da ta taɓa cusa wannan adadi a cikin gwangwani mai wannan girma. Rubutun kansa shi ne shaidar jabu.

Haka abin yake ga fawa-bank. Na gaske mai 20,000 mAh da wuya nauyinsa ya kasa giram 300. Wanda aka rubuta masa 100,000 mAh, in da gaskiya ne, da sai ya haura kilo 1 da rabi, don haka duk wanda ya ga irinsa yana shiga aljihun riga, ya san abin da ya gani. Sai dai akwai wata asara wadda ba ha'inci ba ce. Ƙwayoyin da ke ciki suna aiki ne a kan bolt 3.7, ita kuwa waya tana karɓa a kan bolt 5, kuma wajen juyawar akan yi hasarar wani kaso ta hanyar zafi. Saboda haka fawa-bank na gaske mai 10,000 mAh abin da zai fitar bai wuce kimanin 6,000 zuwa 6,500 ba, wato zai cika wayar da batirinta yake da 5,000 mAh sau ɗaya da ɗan ɗori. Kamfanonin kirki sukan rubuta adadin biyu a jikin kayansu.

BATURAN SOLA

A nan ne asara ta fi girma, domin kuɗin batir ɗaya yakan kai abin da ma'aikaci zai tara a watanni da yawa. Baturan da ake haɗawa da inbata galibi wani nau'i ne da ake kira LiFePO4, wanda ba shi da kobal, ya fi sauran jure zafi, kuma mai kyau yana iya yin caji sau dubbai, alhali tsohon batirin ruwa ɗaruruwa yake yi. Akwatin da aka rubuta masa bolt 51.2 da 100Ah yana ƙunshe ne da ƙwayoyi 16 da aka jera, kowace mai bolt 3.2, kuma ya kamata ya tara wuta kimanin kilowat 5 na awa ɗaya. Da yake akwatin a rufe yake, mai saye ba ya ganin ko ƙwayoyin sababbi ne, ko kuwa an kwaso su ne daga tsohuwar motar lantarki. Kuma ƙwaya ɗaya mai rauni ta isa ta ja sauran 15 ƙasa, domin mai gadin nan zai katse wuta da zarar ita ta ƙare. Magidanci ya sayi abin da aka ce zai kai shi asuba, amma kafin tsakar dare fanka ta tsaya.

AIKIN HUKUMOMI

A duniya akwai ƙa'idojin da aka amince da su. Majalisar Ɗinkin Duniya ta shimfiɗa gwajin da ake kira UN 38.3, wanda tilas batir ya ci kafin a yi jigilarsa, kuma ya ƙunshi girgizawa da bugawa da sauyin zafi da sanyi da cajin da ya wuce kima. Bayan haɗarin jirgin kaya na kamfanin UPS a Dubai a Satumbar 2010, wanda ya kashe matuƙa 2 sakamakon wutar da ta tashi a cikin kayan da suka haɗa da batura, an ƙara tsaurara dokoki, har daga watan Afrilu na 2016 aka hana lodin baturan litiyam zalla a cikin jiragen fasinja. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ake hana matafiya, har da alhazai, jefa fawa-bank a cikin jakar da za ta shiga ƙarƙashin jirgi. A birnin Niyok na Amurka, inda gobarar batura ta kashe mutane 18 a 2023, galibi daga kekuna da babura masu lantarki, hukumar birnin ta haramta sayar da waɗanda ba su da shaidar gwaji.

A Nijeriya wannan nauyi yana kan Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wato SON, wadda aka kafa a 1971. Tun daga 2005 take da tsarin SONCAP, wanda ya wajabta a gwada kaya tun a ƙasar da aka yi su kafin a shigo da su. Akwai kuma hukumar FCCPC, wadda dokar 2018 ta ba ikon kare haƙƙin masu saye, da hukumar NESREA, wadda ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024, musamman yadda za a tattara matattu. Dokoki dai ba su yi kaɗan ba. Amma muddin kaya suna shigowa ta ɓarauniyar hanya, ko a ɓoye cikin kwantenar da aka bayyana da wani suna, takarda ba za ta hana jabu isa kasuwa ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gobarar da ta cinye shaguna da dama a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a watan Yuni na 2025, ana cikin hidimar Babbar Sallah, wadda rahotannin farko suka danganta da fashewar batir, ta isa ta zama ishara ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa cewa su ne na farko da abin zai shafa.

ABIN DA MAI SAYE ZAI IYA YI

Hausawa sun ce arha ba ta ado. Idan farashi ya yi ƙasa ƙwarai da na dillalin kamfani, to, akwai abin da aka rage a ciki. Ya kamata mai saye ya nemi shagon da ke ba da rasit da garanti a rubuce, ya duba ko akwai sunan kamfani da adireshinsa da lambar samfuri a jikin kayan, ya kuma lura da kuskuren rubutu da dusashewar tambari. Wasu kamfanoni suna sa lambar da ake kankarewa a tabbatar da ita ta intanet, kuma bai kamata a yi kasala wajen yin haka ba. Akwai 'yar na'urar auna wuta da ake sakawa tsakanin fawa-bank da waya, wadda ba ta da tsada, kuma masu gyara da yawa suna da ita. Mai sayen batirin sola kuwa, haƙƙinsa ne ya nemi a cika batirin, a ɗora masa kaya masu sanannen nauyin wuta, a ga awa nawa zai yi, kafin ya kammala biya.

Bayan saye kuma sai kulawa. Kada a yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, kada a bar waya a jone a kwanta barci da ita a gefen yara, kada kuma a girke babban batir a ɗakin kwana ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita. A guji caja marar suna. Duk batirin da ya kumbura, ko yake zafi fiye da yadda aka saba, ko yake fitar da wani wari, to, a daina amfani da shi nan take, a fitar da shi waje nesa da abin da ke cin wuta. Al'adar nan ta huda kumburarren batir da allura domin ya saɓe, ko matse shi a mayar cikin waya, wasa ne da rai. Masu sana'ar cajin waya, waɗanda kan jona wayoyi da dama a kan allo ɗaya a cikin 'yar rumfa, su ma ya kamata su ajiye abin kashe gobara kusa, kada kuma su rufe shago su tafi da kaya a jone. Idan ƙaramar na'ura ta kama, sai a fara katse wutar lantarki, a nisanci hayaƙin, a kwarara mata ruwa mai yawa domin ta huce. Idan babban batir ne, a fitar da mutane a kira 'yan kwana-kwana. Mataccen batir kuma ba a jefa shi cikin bola, domin a ƙasar nan bola ƙona ta ake yi.

Wani abin da ya kamata a yi tunani a kansa shi ne, shi wannan ma'adini na litiyam akwai shi a ƙasar nan, a jihohi irin su Nasarawa da Kwara da Kaduna, kuma a watan Mayu na 2024 aka buɗe masana'antar tace dutsensa a Jihar Nasarawa. Ana haƙo shi a nan a fitar da shi waje, sa'an nan wani kaso na abin da ke dawowa ya zama wanda wasu ƙasashe suka ƙi karɓa. Kafin ranar da Nijeriya za ta iya ƙera ƙwayar batir da kanta, abin da ake bukata daga hukumomi shi ne su kafa wuraren gwaji a manyan kasuwanni, su riƙa bayyana sunayen samfuran da suka faɗi a rediyo da jaridu cikin harsunan da jama'a ke ji, su kuma gurfanar da manyan masu shigo da kayan, ba yaran shago kaɗai ba. Su kuma shugabannin kasuwa, waɗanda suka san wanda ke kawo mai kyau da wanda ke kawo na banza, su tuna cewa idan gobara ta tashi a layi, da shagon mai jabu da na mai gaskiya duk tare suke ƙonewa.